YADDA A KE AUNA SHAN MAN MOTA

Ran nan da la'asar sakaliya, muna zaune gindin durumin bakin ɗakin karatu, sai gardama ta tashi tsakanin 'yan ajinmu a kan babbar motar makaranta, wadda ta kan kai mu ƙauyuka koyon koyarwa. Wani ya ce tun da aka komo hutu man da ta ke sha ya ƙaru, shi kuwa bai ga laifin motar ba, direban ya ke tuhuma. Wani ya ce a'a, tsufa ne ya kama injin. Aka yi ta ja-in-ja har aka kira magariba ba wanda ya rinjayi wani, gama babu ko ɗaya daga cikinmu da ya san kilomita nawa motar nan ta ke yi da lita guda, balle ya ce ta ƙara ko ta rage. Abin ya tsaya mini a rai. Ga mutum mai iyali ana neman a ɓata masa suna bisa zato kurum, mu kuwa masu zaton nan mu ne gobe za mu tsaya gaban yara muna koya musu lissafi. Saboda haka na ga ya kamata in rubuta wa 'yan'uwana yadda a ke auna shan man mota a sami gaskiya, da abubuwan da su kan sa shi ya ƙaru ko ya ragu. Tun ran 29 ga watan Mayu 1923 da 2023 akwai shekara ɗari, amma ranar ta biyun ita ce aka ba da sanarwar janye tallafin mai a Nijeriya, kuɗin lita ya ninka, sanin wannan awo ya zama wajibi ga kowane mai mota da kowane ma'aji.

ABIN DA A KE AUNAWA

Shan mai lissafi ne na abu biyu, watau nisan da mota ta yi da yawan man da ta ƙone cikin nisan nan. Kakanninmu direbobi su kan ce mil kaza a galan, domin da mil da galan a ke awo a zamaninsu, mai kuwa a garwa ya kan zo, garwa guda galan 4, wajen lita 18 ke nan. Cikin shekarun 1970 ƙasarmu ta koma ga kilomita da lita. To, yanzu ana faɗin awon nan iri biyu: ko a ce kilomita kaza a lita guda, ko kuwa a ce lita kaza a kilomita 100. Na farkon in ya yi yawa shi ne alheri, na biyun in ya yi kaɗan.

A nan akwai rami wanda mutane da yawa su ke faɗawa. Mil guda kilomita 1.609 ne. Galan kuwa iri biyu ne: na Ingila lita 4.546, na Amurka lita 3.785. Motoci da yawa da a ke kawo mana na hannu daga Amurka agogonsu da mil ya ke ƙirga, ba da kilomita ba. A ce mutum ya ga agogonsa ya ƙirga 300, ya sha lita 40, ya raba ya sami 7.5, sai hankalinsa ya tashi ya garzaya wurin makaniki, alhali kuwa mil 300 ɗin nan kilomita 483 ne, motarsa tana yin 12 a lita, lafiyarta lau. Saboda haka kafin ka fara kome, ka tabbata da wane harshe agogon motarka ya ke magana.

ALLURA BA MUDU BA CE

Galibin masu mota da allurar tanki su ke hukunci. Ka ji mutum ya ce, "Na tashi tana rabi, na iso tana kwata." Wannan ba awo ba ne. Allurar nan tana bin wani ɗan abu ne mai iyo bisa man cikin tanki, tankin kuwa ba kamar mudu ya ke ba, an lanƙwasa shi ne don ya sami wurin zama ƙarƙashin mota, wani sashe da faɗi, wani a tsuke. Don haka rabin allura na sama da rabinta na ƙasa ba su cika zama daidai ba. In motar ta tsaya a gangare ma sai allurar ta sake magana. Aikinta ɗaya ne, ta gargaɗe ka kada mai ya yanke maka a dawa.

Motocin zamani suna da lamba da ta ke fitowa gaban direba tana gaya masa shan mai. Tana da amfani, amma kintace ne na'urar ta ke yi daga daɗewar buɗewar bakunan da ke fesa mai cikin injin, sau da yawa kuwa ta kan yi wa motar kara. Kada ka dogara da ita sai ka gwada ta da awon da zan faɗa yanzu.

DAGA CIKA ZUWA CIKA

Hanyar da ba ta ruɗi ita ce a cika tanki, a yi tafiya, a sake cikawa. Man da ya shiga a karo na biyu shi ne daidai wanda aka ƙone tsakani. Ga yadda za ka yi:

1. Ka tsai da mota a gidan mai inda ƙasa ta ke shimfiɗe, ka sa a zuba har kan famfon ya katse da kansa karo na farko. Kada ka bari a yi ta ɗurawa ana girgiza mota don ya kai baki.
2. Ka rubuta abin da agogon nisa ya nuna, da kwanan wata.
3. Ka yi harkarka kamar yadda ka saba har tankin ya kusa ƙarewa.
4. Ka koma, in da hali ga famfon nan na farko, ka tsaya yadda ka tsaya dā, a sake zubawa har ya katse.
5. Ka rubuta lita nawa ta shiga, da abin da agogo ya nuna yanzu. Lita za ka rubuta, ba naira ba, gama farashi ba ya zama wuri ɗaya.
6. Ka debe lambar farko daga ta biyu, abin da ya saura ka raba shi da yawan litar.

Ga misali. Ran cikawar fari agogo ya nuna 52,140, ran ta biyu ya nuna 52,620, an kuwa zuba lita 40. Nisa ya zama kilomita 480. In ka raba 480 da 40 ka sami kilomita 12 a lita. In kana son ɗaya awon, sai ka raba 100 da 12, ka sami lita 8.3 a kilomita 100. Da lissafin mutanen dā, wannan kusan mil 34 ne a galan ɗin Ingila, ko mil 28 a na Amurka.

INDA KUSKURE YA KE SHIGA

Lissafin nan ko ɗan aji huɗu ya iya shi. Wuyar aikin tana wajen samun lambobi biyun nan na gaskiya.

Babban kuskure shi ne gajeren gwaji. Ba safai tanki ya ke cika daidai wa daida sau biyu ba, gama wani famfo ya kan katse da wuri, wani sai mai ya kusa fitowa, kumfa kuma ta kan ruɗe shi. A ce bambancin lita guda ne. In tafiyar kilomita 100 kaɗai ka yi, mai wajen lita 8, to, litar nan guda ta isa ta mai da 12.5 ta zama 11.1 ko 14.3, ka ga awon ya zama na banza. Amma in ka haɗa cikawa biyar, kilomita 2,400 da lita 200, litar nan ba za ta motsa 12 ba sai zuwa 11.94. Wani abin daɗi kuma shi ne, in kana rubuta kowace lita da aka zuba, ba dole ne cikawar tsakiya ta kai baki ba. Ta farko da ta ƙarshe kaɗai su ke bukatar lura.

Na biyu agogon nisa ne. Shi bai san hanya ba, juyin ƙafar mota ya ke ƙirgawa. Tayar ƙaramar mota kewayenta wajen mita 2 ne, watau ta kan juya sau 500 a kilomita. In aka sa wadda ta fi ta girma, mai kewayen mita 2.1, juyi 500 ɗin nan zai kai mota mita 1,050, agogo kuwa 1,000 zai rubuta. Sai ka yi kilomita 420 ya ce 400 ka yi, a ga kamar mai ya ɓace, alhali nisa ne ya ɓace. Maganinsa ka gwada agogon da alamun kilomita na gefen hanya, ko da taswirar wayar hannu, a kan tafiya mai tsawo, ka san kashi nawa ya ke ragewa ko ƙarawa, ka riƙa gyara lissafinka.

Na uku mudun mai sayarwa. Ba kowane famfo ne ya ke ba da lita cikakkiya ba, ko da ya ke Alkur'ani mai girma ya yi kashedi mai tsanani ga masu tauye mudu. In famfo ya rubuta 40 ya ba ka 37, motarka ce za ta ɗauki laifin. Robar da 'yan bumburutu su ke kira galan ita ma ba lalle ne ta yi daidai da kowane galan ba. In kana shakka, ka sa a zuba maka cikin jarkar da ka san awonta.

Na huɗu hawa da sauka da iska. Jos tana bisa tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba. Motar da ta hau Jos lalle ta fi shan mai bisa ga wadda ta gangaro. Haka kuma wanda ya nufi arewa maso gabas cikin hunturu, iska tana tura shi baya, ba daidai ya ke da mai komowa ba. Saboda haka in za a auna a kan doguwar hanya, a haɗa zuwa da komowa.

Na biyar ya shafe mu, mu malaman lissafi. Ba a haɗa sakamako biyu a raba biyu. A ce ka yi kilomita 300 cikin gari a kan 10 a lita, ka sha lita 30, sa'an nan ka yi 300 a babbar hanya a kan 15, ka sha lita 20. Mai gaggawa zai haɗa 10 da 15 ya raba biyu ya ce 12.5. Amma kilomita 600 ne da lita 50, watau 12. Kullum a tara nisa duka, a tara mai duka, kana a raba.

Akwai masu cewa a sayi mai da asuba don zafi ya kan kumbura shi. Gaskiya ne fetur ya kan ƙaru wajen kashi 1 cikin 1,000 a kowane digiri na zafi, amma rumbun gidan mai a ƙarƙashin ƙasa ya ke, zafinsa ba ya sākewa ƙwarai tsakanin safe da rana, ribar ba ta taka kara ta karya ba.

INA MAN YA KE TAFIYA?

In an sami awo na gaskiya, sai a tambayi dalilinsa. Injin yana gauraya mai da iska ne ya ƙone su, ƙarfin ƙunar ya tura fistin. Kowane kilo na fetur yana bukatar iska kilo 14.7, watau lita guda ta mai ta kan ci iska wajen lita 9,000. Daga ƙarfin da ke cikin man nan, abin da ya ke isa ƙafafu bai cika wuce sulusi ba, saura zafi ne da ke fita ta salansa da tukunyar ruwa. Ɗan abin da ya isa ƙafafun kuwa abu uku su ke cinye shi: ture iska, da gogayyar taya da ƙasa, da birki.

Gudu shi ne babba. Ka fid da tafin hannunka ta taga mota tana tafiya, ka ji yadda iska ta ke tura shi. Turin nan ba ya bin gudu kai da kai: in gudu ya ninka biyu, turin ya kan ninka huɗu. Daga kilomita 100 a sa'a zuwa 120, turin ya ƙaru da kashi 44 cikin 100. Me aka samu? A tafiyar kilomita 150, kimanin Kano zuwa Zariya, mai gudun 100 zai yi minti 90, mai 120 ya yi 75. Minti 15 ke nan ya saya da mai, ya kuma sa rayukan mutane cikin hatsari. Galibin motoci sun fi tsimin mai tsakanin 60 da 90 a sa'a, cikin giya ta sama. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Sai hannun direba, ko in ce ƙafarsa. Duk sa'ad da ka taka totur mota ta ɗauki gudu, mai ka biya. Duk sa'ad da ka taka birki, gudun nan da ka saya ka mai da shi zafi ka zubar. Direban da ya ke hangen nesa, ya ɗaga ƙafa tun bai isa mararraba ba, ya fi wanda ya ke fizga ya tsaya, ya fizga ya tsaya. Shi ya sa cunkoson cikin gari ya ke cin mai fiye da doguwar hanya. Tsayawa injin yana kunne shi ma hasara ce tsantsa, gama ƙaramar mota ta kan ƙone tsakanin rabin lita da lita guda a sa'a ba ta yi ko taki ɗaya ba. Wata ɗabi'a kuma da ya kamata a bari ita ce sakin mota firi a gangare. A motocin zamani, in ka ɗaga ƙafa tana cikin giya, na'urar ta kan yanke mai ɗungum, in kuwa ka sake ta firi sai injin ya ci gaba da sha don kada ya mutu, ga kuma hatsarin barin nauyin mota duka bisa birki.

Sai kaya da hanya. Nauyi ya fi cutarwa wajen tashi da hawan tudu. Kayan da aka ɗaure bisa rufi cutarsu biyu ce, ga nauyi ga tare iska. Kwalta mai sulɓi ita ce mafi sauƙi, hanyar burji mai gargada ta fi ta ci, yashi da taɓon damina kuwa sun fi duka, domin ƙafa tana nutsewa, direba kuma tilas ya zauna cikin ƙaramar giya. Tayar da ba ta da isasshiyar iska ta kan baje a ƙasa tana lanƙwashewa, ta ci mai, ta kuma ci kanta. A auna iskarta da safe tun ba ta yi zafi ba, a bi lambar da maƙera suka rubuta a jikin ƙofar direba. Na'urar sanyaya mota ita ma daga injin ta ke samun ƙarfi, shanta ya fi bayyana cikin gari da bazara.

Sai lafiyar injin. Injin mai sanyi ya fi shan mai har ya ɗumama, don haka gajerun tafiye-tafiye goma sun fi doguwa guda ci, ko da nisansu ɗaya. Akwai wani ɗan murfi a hanyar ruwan injin wanda ya ke tsare ruwan har injin ya yi ɗumi. Makanikai da yawa su kan cire shi, wai ƙasarmu da zafi, sai injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, yana ta shan mai. Filogi da ya mutu, da birki mai kamawa, da ƙafafun da ba su daidaita ba, da na'urar da ke sansana hayaƙi a salansa in ta lalace, duk suna ƙara sha. Ƙurar hunturu ta kan toshe matatar iska. A tsohuwar mota mai kafireta wannan ya kan sa mai ya yi yawa cikin gauraye, a ta zamani kuwa na'ura ta kan rage man daidai da iskar, sai dai ƙarfin mota ya ragu.

LAMBAR DA MAƘERA SU KE BUGAWA

Kada ka yi mamaki in motarka ba ta kai abin da aka rubuta cikin littafinta ba. Lambar nan a cikin ɗaki a ke samo ta, a ɗora ƙafafun mota bisa wasu gangunan ƙarfe masu juyawa. Gwajin da Turai ta koma gare shi a 2017, wanda a ke kira WLTP, minti 30 ne, nisansa kilomita 23 da ɗan ɗori, zafin ɗakin digiri 23, na'urar sanyi a kashe, ba rami, ba yashi, ba buhunan hatsi. Amfaninsa a gwada wannan mota da waccan. Abin da za ka gwada motarka da shi kuwa shi ne awonta na watan jiya.

Wajen gwada mota da mota, awon lita a kilomita 100 ya fi fid da gaskiya. Babbar motar da ke yin 5 a lita, in aka gyara ta ta koma 6, a kilomita 1,000 shanta ya sauko daga lita 200 zuwa 167, an tsira da 33. Ƙaramar da ta tashi daga 15 zuwa 20 kuwa daga 67 ta sauko 50, 17 kaɗai. Ashe gyaran mai yawan sha ya fi riba, ko da a ido ya yi kama da kaɗan.

Bayan gardamar nan na sami direbanmu yana wanke mota, na gaishe shi, na ce, "Baba, ko an taɓa wani abu a motar nan da hutu?" Ya ce, "Ɗana, an sake mata tayoyi huɗu, sun ɗara na dā girma. Ga shi kuma damina ta sauka, ƙauyukan da na ke kai ku duk taɓo ne." Ban ce wannan ya wanke shi ba, ban kuma ce ya kama shi ba. Abin da na ce shi ne, an sami dalili biyu waɗanda ba wanda ya tuna da su a gindin durumi. Na roƙi shugaban makaranta ya yarda a ajiye ɗan littafi cikin motar, a riƙa rubuta kwanan wata, da lambar agogo, da lita, da inda aka je, ya kuwa yarda, direban ma ya yi murna. In awo ya tsaya wuri ɗaya wata da watanni, to, ba abin cewa. In ya faɗi farat ɗaya, a duba taya da birki da injin tukuna kafin a dubi mutum.

Ina roƙon 'yan'uwana waɗanda za su fita koyarwa bana, su ɗauki lissafin nan su kai wa yaransu. Cikinsa akwai debewa, da rabawa, da kashi cikin ɗari, da juya mil zuwa kilomita, yaron da ubansa direba ne kuwa zai koma gida da abin da zai amfani gidansu tun ran nan. Abin da littafin motarmu ya nuna, in Allah ya so za mu kawo shi cikin fitowa ta gaba.